IDAN KAN INJIN FESHI YA TOSHE: KADA KA HURA DA BAKI, KADA KA SOKA WAYA

A ƙasar Gumel damina gajera ce. Daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, ruwa yakan zauna ne wajen watan Yuni ko Yuli, zuwa ƙarshen Satumba kuma ya fara ɗaukewa. Cikin 'yan watannin nan ne manomi zai shuka gero da dawa da wake da riɗi da gyaɗa, ya yi noma, ya yi maimai, ya kuma yi yaƙi da ƙwari. Saboda haka duk yinin da aka ɓata, asara ce.

Injin feshi na goyo ya shiga cikin kayan aikin gona kamar fartanya da garma. Wanda ba shi da nasa yakan ara, ko ya yi haya, ko ya biya samari masu feshi su yi masa. Amma akwai matsala guda wadda kowane mai feshi ya san ta. Ana cikin aiki sai kan injin ya toshe. Ruwan magani ya daina fita, ko ya riƙa fita a karkace, ko ya riƙa ɗiga kawai.

Idan haka ta faru, mutane da yawa sukan yi ɗayan abu biyu. Ko dai su kwance kan su sa a baki su hura, ko su nemi allura ko waya ko ƙaya su soka a ramin. Na farko yana iya kashe mutum. Na biyu yana lalata kan, ya kuma cinye kuɗin magani. Akwai hanya ta uku wadda ba ta bukatar komai sai ruwa mai tsabta, da tsohon burushi, da ɗan haƙuri. Ita za mu yi bayani a kai a wannan wata.

MU FARA SANIN INJIN

Injin feshi na goyo yana da tanki, wanda yakan ci lita 15 ko 16 ko 20. Yana da hannun famfo wanda ake bugawa don a tara iska. Daga tanki ruwan magani yana bi ta cikin tiyo, ya zo wurin kunama, watau abin da ake dannawa da yatsu. Daga nan ya bi ta cikin sanda, ya fita ta kan feshi. Kan feshin nan shi ne masu sayar da kayan gona suke kira nozul.

Duk cikin sassan injin babu ƙarami kamar nozul, amma shi ne yake yin ainihin aikin. A jikinsa akwai ɗan rami wanda bai wuce bakin allura da yawa ba. Idan iska ta turo ruwa ta cikin ramin nan, sai ruwan ya farfashe ya zama ƙananan ɗigo kamar yayyafi. Ɗigon nan su ne suke sauka a kan ganye da fure, su manne, su sami ƙwaro inda ya ɓuya.

Nozul iri-iri ne. Akwai mai fesawa a zagaye kamar malafa. Shi ya fi dacewa da maganin ƙwari, domin ɗigonsa ƙanana ne, suna shiga cikin ganye. A cikinsa akwai wani ɗan faifai mai ƙananan hanyoyi da ke juya ruwa kafin ya fita. Akwai kuma mai fesawa a baje kamar mafici, wanda ake feshin maganin ciyawa da shi. Akwai wanda ruwa yake dukan leɓensa sannan ya bazu, shi ma na ciyawa ne. Akwai kuma na tagulla wanda ake murzawa ya ƙara ko ya rage faɗi.

Masu ƙera injin sun san ramin nan ƙarami ne. Shi ya sa suka sa masa rariya don ta tare datti. A inji mai kyau rariya uku ce: babba a bakin tanki, wata a cikin hannun kunama, da wata 'yar ƙarama a bayan nozul. Ɗan'uwa manomi, ka duba naka yau ka gani ko duka ukun suna nan.

ME KE TOSHE SHI?

Na farko, rairayi. Ƙasarmu jigawa ce. Ruwan kududdufi da na tafki yana ɗauke da yashi da laka da gansakuka. Ko ruwan rijiya yakan zo da rairayi a gindin guga. Ƙwayar rairayi ɗaya tak ta isa ta tsaya a ramin nozul.

Na biyu, maganin gari da ba a dama shi sosai ba. Irin wannan magani ba ya narkewa kamar gishiri, yawo yake yi cikin ruwa kamar ƙullun koko. Idan an zuba shi kai tsaye cikin tanki sai ya yi gudaji. Idan an ajiye injin aka tafi hutu sai ya kwanta a ƙasa.

Na uku, ragowar magani da ya kwana a inji. Ruwan ya bushe, maganin ya daskare a cikin tiyo da sanda da nozul. Ran da aka sake ɗaukar injin sai ɓawonsa ya ɓanɓaro ya taho ya toshe hanya.

Na huɗu, haɗin gida, kamar ruwan ganye ko 'ya'yan darbejiya da aka daka. Yana taimakawa wajen korar ƙwari, amma idan ba a tace shi da ƙyalle mai kauri ba, tukarsa ba ta wucewa ta ramin nozul.

Na biyar, ajiye sanda a ƙasa. Mai feshi ya sauke injin zai ƙara ruwa, ya jefar da sandar a kan kunya, nozul ɗin yana jiƙe, rairayi ya manne masa.

Na shida, cire rariya. Wasu sukan ce rariya tana ɓata musu lokaci wajen zuba ruwa, sai su cire ta su ajiye a gida. Minti biyun da suka tsira da shi a bakin tanki, sai sun biya shi da rabin awa a tsakiyar gona. Sauri ya haifi nawa ke nan.

ME YA SA BA A HURAWA DA BAKI?

Maganin feshi guba ne. An yi shi ne don ya kashe mai rai. Yana shiga jikin mutum ta hanya uku: ta fata, ta numfashi, da ta baki. A cikin ukun nan ta baki ta fi haɗari. Fatar leɓe da ta cikin baki ba ta da kauri kamar ta tafin hannu, kuma duk abin da ya gauraya da miyau ciki ya nufa.

Wani zai ce, "Ai an riga an sirka shi da ruwa." To, abin da ya daskare a cikin nozul sau da yawa magani ne da ya bushe, ruwansa ya tafi, ƙarfinsa yana nan. Wani kuma zai ce, "Na daɗe ina yi, ban ga komai ba." Amma ciwon kan da ake yi bayan feshi, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, ba koyaushe ne rana take kawo su ba. Sau da yawa alama ce ta cewa guba ta shiga jiki. Kuma yau da gobe sai Allah.

Magunguna irin su DDVP suna taɓa jijiyoyin jiki. Idan sun shiga da yawa mutum yakan yi zufa, miyau ya riƙa dalala, ya yi amai da gudawa, numfashi ya yi masa wuya. Magunguna irin su Karate sukan sa fuska da leɓe su yi zafi kamar an shafa barkono. Shi kuwa maganin ciyawa farakwat, wanda aka fi sani da sunan Gramoxone, yana ƙona baki da maƙogwaro, yana lalata huhu. Kurɓa ɗaya na wanda ba a sirka ba tana iya yin kisa, kuma har yau babu makarinsa. Saboda haɗarinsa ne aka hana amfani da shi a ƙasashen Tarayyar Turai tun shekarar 2007.

Ka tuna kuma, injin haya ko na aro ba ka san abin da aka zuba masa jiya ba. Nozul ɗin da za ka kai bakinka ya yi yawo a gonaki da yawa.

ME YA SA BA A SOKA WAYA?

An yanka ramin nozul ne da awo, ba da ka ba. Girmansa da siffarsa su ne suke yanke yawan ruwan da zai fita da kuma yadda zai bazu. Yawancin nozul na roba ne ko na tagulla, kuma dukansu ƙarfe ya fi su tauri. Allura ko waya ko ƙusa tana buɗe ramin, gaskiya ne, amma tana kuma faɗaɗa shi, ta karce gefensa. Ido ba zai gani ba, gona kuwa za ta gani.

Ga lissafin. Idan faɗin rami ya ninka sau biyu, ruwan da ke fita ba sau biyu yake ninkawa ba, sau huɗu ne. Ko da kashi ɗaya cikin biyar kawai faɗin ya ƙaru, ruwan da ke fita zai ƙaru da kusan rabi. Misali, gonar da tanki 4 yake isarta, sai ta nemi kusan tanki 6, alhali tafiyarka ba ta canja ba, bugun famfonka bai canja ba. Maganin tanki 2 ya tafi a banza. A inda ake ɗauko ruwa da jarka a kan jaki ko amalanke, ruwan ma asara ne.

Ba nan abin ya tsaya ba. Rami mai faɗi yana fitar da manyan ɗigo. Manyan ɗigo ba sa zama a kan ganye, gangarewa suke yi su zube ƙasa. Ramin da aka karce kuma yana fesawa da yawa a gefe ɗaya, kaɗan a ɗaya gefen. Inda ya yi yawa shuka tana iya ƙonewa. Inda ya yi kaɗan ƙwaro yana tsira.

Mai wake ya fi kowa sanin illar wannan. Lokacin da wake ya fara fure, ƙananan ƙwari suna shiga cikin furen su sa shi ya kaɗe, tsutsa kuma tana huda kwanso. Kwanakin nan ba su da yawa. Idan feshin lokacin fure bai yi kyau ba, sai a tashi da harawa babu ƙwaya. Ko irin waken nan SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a shekarar 2019 don ya jure wa tsutsar kwanso, yana bukatar a yi masa feshi kamar sau biyu saboda sauran ƙwari. Haka nan tsutsar nan mai cin zuciyar masara da dawa, wadda ta shigo Nijeriya a shekarar 2016, ba ta mutuwa sai magani ya shiga inda ta ɓuya.

Saboda haka mai soka waya, garin gyaran gira ne ya rasa ido.

YADDA AKE BUƊE SHI

Kafin ka bar gida, ka tanadi abu biyar: gorar ruwa mai tsabta wanda ba na sha ba, ɗan gwangwani ko roba na wanki, tsohon burushin goge baki, sabulu, da safar hannu ta roba. Ka yi wa burushin da gwangwanin alama, kada su sake komawa cikin kayan gida. Idan kan ya toshe, ga abin da za ka yi:

1. Daina buga famfo, ka saki kunama. Ƙara bugu ba ya buɗe shi, sai dai ya ƙara cusa dattin, ko ya fasa tiyo a bayanka.

2. Fita daga inda ka fesa. Sauke injin a wuri mai daidai. Tsaya ta yadda iska za ta riƙa bugun bayanka, ta ɗauke warin daga gare ka.

3. Sa safar hannu. Idan babu, ɗaura leda mai kauri wadda ba ta huje ba. Kada ka yi amfani da safar ƙyalle, domin tana shan magani ta riƙe shi a kan fata.

4. Juya bakin sanda nesa da fuskarka. Kada ka leƙa ramin. Murza marfin nozul a hankali, domin akwai iskar da ta maƙale a cikin sanda. Bari ta fita tukuna sannan ka ƙarasa kwancewa.

5. Zuba sassan cikin gwangwanin ruwa: marfi, da nozul, da ɗan faifai idan akwai, da 'yar rariya, da zoben roba. Lura da yadda suke jere don ka iya mayar da su. Kada ka ajiye ko ɗaya a kan rairayi.

6. Girgiza su cikin ruwan, sannan ka goge da burushi ciki da waje. Sau da yawa dattin yana kan 'yar rariya ne, ba cikin ramin ba.

7. Ɗaga nozul ɗin ka duba shi ta wajen haske. Idan har yanzu akwai abu a ramin, sami ɗanyen tsinken ciyawa mai laushi, ka tura shi daga waje zuwa ciki, domin dattin ya koma ta hanyar da ya shigo. Ban da ƙaya, ban da ƙarfe.

8. Idan ana bukatar iska, yi amfani da famfon keke, ko ka matsa robar ruwa wadda ba komai a cikinta a bakin ramin. Iskar bakinka ba ta cikin kayan gyara.

9. Kafin ka mayar da nozul, buɗe tanki, ka sa bakin sanda a kan rariyar tanki, ka danna kunama kaɗan. Dattin da ya rage a sanda zai fito, rariya ta tare shi.

10. Mayar da sassan yadda suke. Ɗaure da hannu kawai, ba da filaya ba. Gwada a gefen gona.

11. Zubar da ruwan wankin a cikin gonar da kake fesawa, nesa da rijiya da kududdufi. Wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa fuska, ko goro, ko abinci, ko butar alwala.

Idan magani ne ya daskare a ciki har burushi ya kasa, kada ka yi faɗa da shi a gona. Sa wani nozul ɗin ka ci gaba da aiki. In ka koma gida ka jiƙa wancan cikin ruwan ɗumi da omo ya kwana, a inda yara da kaji ba za su kai ba. Da safe ka goge shi.

Shi ya sa ya kamata kowane mai feshi ya riƙa yawo da nozul na ko-ta-kwana, ɗaya ko biyu, a ƙulle cikin leda. Ana samunsu wurin masu sayar da kayan gona a Gumel da kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Ka tafi da tsohon a ƙulle don a gwada, domin ba kowane nozul ne yake shiga kowace sanda ba.

IDAN HAR YANZU BA YA FESAWA

Wani lokaci laifin ba na nozul ba ne. Idan ka cire shi ka danna kunama amma ruwa bai fito da ƙarfi ba, duba rariyar da ke cikin hannun kunama. Duba tiyo, ko ya lanƙwashe. Duba marfin tanki. A jikinsa akwai 'yar kafa da iska ke shiga. Idan ta toshe, ruwa ba ya tafiya daidai. Idan hannun famfo ya yi sakwaf, ba ya tara iska, to roba ce ta ci a cikin famfo, sai a canja ta. Idan kuwa ruwa yana ɗiga ta gindin nozul ko ta wurin kunama yana jiƙa maka hannu, zoben roba ne ya lalace. Kada ka naɗe shi da tsumma ka ci gaba. Tsumman zai sha magani ya zauna a hannunka yini guda.

GWAJIN MINTI ƊAYA

Ko ba a soka masa komai ba, nozul yana cinyewa da kansa, domin rairayi da maganin gari suna goge ramin a hankali. Ga yadda za ka san lokacin canja shi.

Ran da ka sayi sabo, zuba ruwa zalla a tanki. Buga famfo kamar yadda ka saba, ka fesa cikin bokiti na minti ɗaya daidai. Agogon waya ya isa. Juye ruwan cikin gora, ka yi alama a inda ya tsaya. Ajiye gorar. A farkon kowace damina da tsakiyarta ka sake gwadawa. Idan ruwan ya wuce alamar da fiye da kashi ɗaya cikin goma, nozul ɗin ya gama aiki. Misali, idan sabo ya ba da lita 1, yanzu kuma yana ba da fiye da lita 1 da mililita 100, to jefar da shi.

Sannan ka fesa ruwa a kan busasshen daɓe ko bango ka duba. Idan jiƙar ta yi daidai ko'ina, lafiya. Idan akwai layi mai kauri ko wurin da ruwa bai taɓa ba, ka canja. Kuɗin nozul bai kai kuɗin maganin da zai ɓarnatar ba.

RIGA-KAFI YA FI MAGANI

Ɗebo ruwan feshi tun da yamma, ka bar shi ya kwana ya kwanta. Da safe ka tsiyaye na sama, ka tace da ƙyalle. Ruwa mai laka ba toshe nozul kawai yake yi ba. Laka tana kama wasu magungunan ciyawa, kamar gilaifoset wanda ake sayarwa da sunaye irin su Roundup, ta rage musu ƙarfi. Sai manomi ya ce an sayar masa da jabu, alhali ruwansa ne ya ci maganin.

Dama maganin gari a cikin bokiti na musamman da ɗan ruwa, da sanda ba da hannu ba, har gudaji ya mutu. Zuba ruwa rabin tanki, ka zuba damammen maganin ta kan rariya, sannan ka cika.

Haɗa abin da za ka iya gamawa a ranar kawai. Kada magani ya kwana a tanki.

Idan ka gama aiki, ɗauraye tanki sau uku. A kowane ɗauraya ka buga famfo ka fesa ruwan ta cikin sanda, a cikin gona. Wannan ya fi zama dole idan inji ɗaya ne ake feshin ciyawa da na ƙwari da shi. Ragowar maganin ciyawa irin 2,4-D ko kaɗan ne yana murɗe ganyen wake da riɗi.

Cire nozul da rariya ka wanke, ka kife tanki ya bushe a inuwa. Ajiye injin nesa da rumbu da ɗakin kwana. Lokacin hunturu ka rufe shi da buhu saboda ƙura.

GWANGWANIN FESHI NA CIKIN GIDA

Wannan sashe ya shafi maigida da uwargida duka. Gwangwanin maganin sauro, da na turare, da na fentin da masu gyaran babur da keke suke amfani da shi, su ma kansu yana toshewa. Ka girgiza ka ji akwai abu a ciki, amma ka danna ba ya fita.

A cikin gwangwanin akwai gas da aka matse, shi ne yake turo abin da ke ciki. A yawancinsu gas ɗin mai kama wuta ne, ɗan'uwan na girki. Abin da yakan toshe kuwa shi ne ɗan kan roba da ake dannawa. Ja shi sama a hankali, zai fita. Idan na maganin sauro ne ko turare, jiƙa shi cikin ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye, a bar shi ya bushe. Idan na fenti ne, jiƙa shi cikin tina, watau ruwan da masu fenti suke sirka fenti da shi. Ko kuma a ciro kan wani gwangwani irinsa da ya ƙare a sa masa. Wajen mayarwa, a juya ramin nesa da fuska.

Mai fenti, idan ka gama aiki ka kifa gwangwanin, kansa yana ƙasa, ka danna na daƙiƙa biyu ko uku har fenti ya daina fita sai gas. Haka yana share hanyar.

Kada a soka ƙusa ko allura a bakin gwangwanin kansa. Kada a huda shi. Kada a ɗumama shi a wuta don wai ya buɗe. A jikinsa akan rubuta cewa kada zafinsa ya wuce digiri 50, kuma gwangwanin da aka bari a rana lokacin bazara yana iya kaiwa haka. Kada a fesa kusa da fitila ko murhu. Ko ya ƙare kada a jefa shi cikin jujin da ake ƙonawa, domin fashewa yake yi. Kada a bai wa yara shi su yi wasa.

IDAN TSAUTSAYI YA FARU

Idan magani ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai tsabta ana ta kwarara shi har minti 15. Idan a jiki ne, a cire rigar nan take, a yi wanka da sabulu. Idan ya shiga baki, a kuskure a tofar sau da yawa. Kada a ba mutum madara ko manja ko man gyaɗa da sunan makari. Kada a sa shi yin amai da ƙarfi. A kai shi asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Gumel ba tare da jiran a ga abin da zai faru ba. A tafi da kwalbar maganin ko takardarsa, domin likita ya san irin gubar.

A ƙasan takardar da ke jikin kwalba akwai layi mai launi. Ja shi ne mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Ko mai koren ma ba na kaiwa baki ba ne. Ka karanta takardar kafin ka buɗe kwalba, ka duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da maganin zai lalace. A nan bakin iyaka akan gamu da magani mai rubutun Faransanci. Idan ba ka gane rubutun ba, ko an juye maganin cikin kwalbar da ba takarda, ka nemi malamin gona na hukumar JARDA ya duba maka kafin ka saya.

A TAƘAICE

Tace ruwa. Bar rariya a wurinta. Riƙe nozul na ko-ta-kwana. Idan ya toshe, ruwa da burushi. Ban da baki, ban da waya.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa. Mai gona kuma idan ya ɗauki yaro aikin feshi, ya ba shi ruwan wanki da sabulu da burushi tare da maganin, domin lafiyar yaron amana ce a hannunsa. Allah ya tsare mu, ya ba mu damina mai albarka, amin.